Karan sigari ɗaya ya raba ni da aikin shekara shida

Shekara shida na yi ina riƙe da sito a wani kamfanin katifa da ke Sharaɗa, a Kano. Ko tsinke bai taɓa ɓata a hannuna ba. Sigari ce ta kore ni.

Tun ina sakandare nake sha. Ba na sayen kwali, kara-kara nake karɓa a wajen mai tebur, don in riƙa gaya wa kaina ban yi nisa ba, alhali a yini sai in tashi da goma. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, kamfani ya tsaurara. Aka raba mana takarda: duk wanda aka kama da sigari, ashana ko laita daga bakin get zuwa ciki, kora ce kai tsaye. Na sa hannu ban ma karanta har ƙasa ba.

Da rana ina iya daurewa har lokacin cin abinci, in fita bakin titi. Aikin dare ne ya kayar da ni, don ana kulle get tun ƙarfe goma. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu, kaina ya yi nauyi, hannuna na rawa. Na zaro karan da na ɓoye a safa, na zagaya bayan sito na kunna. Zuƙa uku na yi fitilar baba mai gadi ta haske ni.

"Haba ɗana," ya ce, "a nan?"

Ya so ya rufa min asiri, amma kyamara ta riga ta ɗauka.

Da safe manaja bai ɗaga murya ba. Ya kama hannuna ya kai ni wurin, ya nuna min tarin yankakken soso da iska ta tara a jikin bango, taku biyu daga inda na tsaya. "Malam, mutum nawa ke ciki jiya?" Na ce ashirin da bakwai. Ni da nake lissafin soson nan kullum na fi kowa sanin yadda yake cin wuta, da yadda baƙin hayaƙinsa ke shaƙe mutum tun kafin wutar ta iso shi. Ban iya ɗaga kai ba.

Duk da haka na yi sati ina jin an zalunce ni. Na je wajen wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata, ya buɗe min takardar da na sa wa hannu, ya ƙara da cewa dokar taba da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ma ta hana sha a cikin wuraren aiki. Babu ƙarar da za a kai. Abin da ya fi ci min rai daga baya shi ne, da na fito fili na ce dare yana min wuya, da ƙila an mayar da ni aikin rana. Kunya ta hana ni, don ko mahaifiyata ba ta san ina sha ba sai ranar da na kai mata labarin korar. Ta ce, "Ashe warin da nake ji a rigarka kenan," ta yi shiru.

Barin sigari bai zo da sauƙi ba. Sau biyu ina komawa. Azumi ne ya taimake ni: tunda ina iya kaiwa magariba, sai na ƙi kunnawa bayan buɗa-baki, na tafi masallaci da wuri. Kwana ukun farko su ne azaba, ciwon kai da faɗa da kowa a gida. Na riƙe asuwaki da kanumfari a aljihu, na kuma daina zama a teburin mai shayin da muke sha tare da abokai, wanda shi ne ya fi wuya.

Wata bakwai na yi babu albashi, matata ta sayar da keken ɗinkinta muka biya haya. Yanzu ina lissafin kaya a shagon wani ɗan kasuwa a Singa, a kan rabin abin da nake samu a da. Keken nake tara wa kuɗi.