Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fim ɗin da ya fito wayam

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya miƙo min kyamara a cikin tsohuwar jakar fata, ya ce tun da na nace sai aikin jarida zan karanta, to ga kayan aiki. Shekarar 2004 ke nan, ina aji biyu a Jami'ar Bayero. Pentax K1000 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1976, ƙarfe zalla, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Ba ta yi maka komai da kanta. Kai za ka saita tazara, kai za ka buɗe ƙofar haske ko ka tsuke ta, kai za ka zaɓi saurin ƙiftawa. Ɗan batirin da ke ƙasanta aikinsa ɗaya, motsa wata allura da ke gefen dama idan ka leƙa, in ta tsaya tsakiya haske ya yi daidai. Ba ta ma da makunni. In ka manta ba ka rufe gilashin ba, batirin zai yi ta ci har ya mutu.

Abba bai yi murna ba, bai kuma hana ba. Ya ce sharaɗinsa biyu: kada in rataya hoton mai rai a gidansa, kada kuma in ɗaga wa matar wani kyamara. Na biyun nan har yau ban karya shi ba.

Wanda ya koya min aikin ba a jami'a yake ba. Wani dattijo ne mai situdiyo a bakin Fagge, Bayarabe haifaffen Ayagi, wanda Hausarsa ta fi tawa zurfi nesa ba kusa ba. Maigida muke ce masa. Abincinsa hoton fasfo da na biki, masu kala kuwa inji ake kai wa ya wanke. Amma a bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da aka toshe tagarsa da kwali da baƙin ƙyalle, yana warin ruwan tsami, nan yake wanke baƙi da fari da hannunsa idan abin ya motsa masa. Ya yarda in riƙa share shago ina yanka fasfo ranar Asabar da Lahadi, shi kuma ya bar ni in shiga ɗakin.

Fim na farko da na saya Ilford HP5 ne, mai hoto 36, kuɗinsa ya cinye min kuɗin abincin kwana uku. Na ɓoye shi a ƙarƙashin gado kusa da randa, saboda Maigida ya ce zafi ne babban maƙiyin fim. Ajiyar ta Sallah ce. A shekarar azumi ya ƙare a tsakiyar Nuwamba, sanyi ya fara leƙowa, ni kuwa na ƙudurta Hawan Daushe zan fara da shi.

Wanda bai taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Daushe ba, ba zai san abin da nake nufi da ƙura ba. Tun la'asar sakaliya nake matse a cikin mutane. Hakimai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da zaginsa da makaɗansa, ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga dogarai cikin ja da kore suna kora mu baya da bulala. 'Yan bindiga suka saki wuta, hayaƙi ya turnuƙe, kakaki ya tashi, sai ga laima. Marigayi Sarki Ado Bayero ke nan, ya ja amawali, tagwayen masu a hannu. Na ɗaga kyamara na latsa, na ja hannun da ke tura fim gaba, na sake latsawa. Da aka zo jafi, dawakai suka taho a guje suka yi turjiya a gaban Sarki, ina ta latsawa zuciyata na bugawa, ina cewa a raina yau na kama abin da zan nuna wa jikokina.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya min a rai. Ƙirgen ya kai 36, amma hannun da ake ja bai ƙi ba. Na ƙara ɗaya, ya tafi sumul. Na ƙara wani, haka. Na ce wataƙila kamfanin ne ya yi min gyara. Da na zo naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa, juyi biyu kawai na yi na ji ya saki. Nan ma ban kawo komai ba.

Ranar Asabar Maigida ya kashe fitila ya rufe ƙofa. Mutane suna zaton da jan ƙwai ake wanke fim, saboda abin da suke gani a talabijin. Jan ƙwan na takarda ne. Fim ba ya son haske ko na ƙwayar zarra, dole a cikin duhu ƙirin za ka fasa gwangwanin, ka lalubo bakin fim ɗin, ka zura shi a faifai ba tare da ya manne da juna ba, ka jefa a tukunyarsa ka rufe, sannan a kunna wuta. Na yi gumi sharkaf kafin na gama. Sai magani na farko, D-76, wanda dole sanyinsa ya tsaya a 20 a ma'aunin zafi. A Kano wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da hunturu ruwan randa ya isa, amma a watan Afrilu sai an sayo ƙanƙara an tsoma kwalbar a bokiti ana duba ma'auni. Minti bakwai da rabi, ana kifa tukunyar ana tayarwa a kowane minti. A zubar, a zuba ruwan da ke tsayar da aikin, sannan na uku mai kafe hoton don kada haske ya ci shi.

Na buɗe tukunya, na warware fim ɗin, na ɗaga shi sama. Wayam. Tun daga farko har ƙarshe kamar ledar burodi, ana hango ƙwan fitila ta cikinsa.

Na ce, "Maigida, maganinka ya lalace."

Bai ce uffan ba. Ya karɓa, ya sa tabarau, ya nuna min gefen fim ɗin, wajen ramukan nan. Ga sunan kamfani da lambobi, 1, 2, 3 har 36, baƙi wuluk, raɗau.

"Wa ya fito da waɗannan?"

Na yi shiru.

"Magani ne ya fito da su. In da ya mutu, su ma ba za ka gan su ba. Magani ya yi aikinsa, yaro. Fim ɗinka ne bai taɓa ganin rana ba. Tun da ka rufe bayan kyamara bakinsa ya suɓuce, kana ta ja, shi yana kwance a gwangwani yana barci."

Sai ya ɗauko kyamarar ya nuna min ɗan marikin da ke hagu, wanda ake naɗe fim da shi. Duk lokacin da ka ja hannun dama, in fim yana tafiya, na hagun sai ya juya. In bai juya ba, iska kake ɗauka. Ƙirgen lamba kuwa ba ruwansa, ko babu fim zai ƙirga maka. Shekara ashirin ke nan, amma ko yau na riƙe tsohuwar kyamara idona na kan marikin nan.

Ban ci abincin dare ba ranar. Umma ta zaci zazzaɓi ne.

Da na tara kuɗin fim na biyu, Maigida ya kafa min doka. Fim ɗaya, sati biyu. Ba hawa, ba biki, ba taro. Ya ce doki da laima ko makaho ya ɗauka za su yi kyau, in je in ɗauko masa mutum yana aikinsa. Ya koya min lissafin da ba ya buƙatar allura: in rana ta take, ka sa ƙofar haske a 16, saurin ƙiftawa a 500 tunda fim ɗin mai lamba 400 ne. In ka shiga inuwa ka buɗe zuwa 5.6 ko 4. Ya ce kada in yarda da allura idan mutum baƙi ne cikin farar riga, domin farin zai ruɗe ta, fuskar ta fito kamar gawayi, sai in ƙara buɗewa da mataki ɗaya. Tazara kuma in ajiye ta a mita 3, ƙofa a 11, duk abin da ke tsakanin mita 2 da 5 zai fito tas, ba sai na tsaya murɗe-murɗe mutum ya ankara ba.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ta kusa ja min duka. Na shiga Kurmi da ita, na ga wani mai ɗinkin linzami haske ya sauko masa ta ɓular rumfa, na ɗaga na latsa ba ko sallama. Kyamarar nan kuwa ƙararta kamar an karya kara. Kafin in juya ya cafke igiyar wuyana.

"Kai, wa ya aiko ka? 'Yan haraji ne ko jarida?"

Mutane suka taru. Wani ya ce irinmu ne ke sayar wa Turawa hoton talaka. Na yi ta rantsuwa ni ɗalibi ne, na fito da katin makaranta, sai da wani dattijo ya tambayi unguwarmu da sunan mahaifina ya ce ya san shi a Kantin Kwari, sannan aka sake ni. Daga baya na karanta cewa a Faransa da Amurka masu hoton titi suna alfahari da ɗaukar mutum bai sani ba. Can ne. A cikin Birni, inda kowa ɗan wani ne, ni dai ban ga yadda za a yi haka a kwana lafiya ba. Hoton mai linzamin ya fito da kyau, ban taɓa nuna wa kowa shi ba.

Na koma karofin Ƙofar Mata. A jikin ƙofar an rubuta 1498, shekarar da aka ce an kafa karofin, ramuka birjik a ƙasa, amma waɗanda ake aiki a cikinsu ba su da yawa, sauran shara ta cike su. Marinan sun saba da baƙi masu kyamara, kuma sun saba a ba su wani abu. Na gaishe da wani tsoho da hannayensa suka rine har gwiwar hannu, na ce, "Baba, ni ɗalibi ne, ba ni da abin ba ka, ina so in zauna in ga aiki." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ƙasa ta Allah ce.

Kwana uku ina zuwa bayan lacca, kyamara na cikin jaka. Na ga yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su su ruɓa kwanaki, har kumfa ta taso saman ramin. Na ga yadda yake tsoma zane ya ɗago, ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Abin da ya ɗaure min kai, zanen yana fitowa ne kore-kore, sai iska ta taɓa shi ya juye shuɗi a kan idonka. Daga can gefe ana jin mabuga, tim, tim, suna dukan shadda a kan gungume. Na gane cewa duk ɗagowa akwai wani ɗan lokaci da yake tsayawa cak, hannu a sama, ruwa na zuba kamar igiya. A rana ta huɗu hazo ya sauko, rana ta zama kamar farin faranti, inuwa ta yi laushi. Mutane na tsinar hazo, masu hoto kuwa sun san babu hasken da ya kai shi daɗi a fuskar baƙin mutum. Na ce, "Baba, in ɗauka?" Bai ko ɗago ba, ya ce, "Da me kake jira?" Na duba marikin hagu. Uku kawai na ɗauka.

A ɗakin duhu, a ƙarƙashin jan ƙwai, Maigida ya haska negetif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, a kan takarda daƙiƙa goma, ya ce in tsoma. Farar takarda a cikin faranti, ina girgizawa a hankali. Can sai hannayen suka fara fitowa, su ne mafi baƙi, sannan bakin ramin, sannan hula, a ƙarshe fuskar. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Muka ƙarasa da lalube, Maigida yana ƙirga daƙiƙa da baki.

Na kai wa Baba hotonsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya wanke hannu, ya goge a riga, ya karɓa ta gefe-gefe. Ya tambaye ni yadda aka yi, na kwashe duka na gaya masa, da farantan magani uku, da ƙirgen lokaci, da shanya a igiya. Ya ce, "Ashe kai ma rini kake yi." Ya kira sauran marina suka zagaye shi. Ya daɗe yana kallo, ya nisanta shi da ido, ya kusanto.

"Hannun nawa ne, hular ma tawa ce. To ina shunin?"

Na ce fim ɗin baƙi da fari ne, ba ya kama launi.

"Ka zo karofi kwana huɗu, ka ɗauki marini ka bar rini?"

Aka fashe da dariya, har mabuga suka leƙo. Ya cusa hoton a aljihun gaba, ya ce in na samo mai kama shuɗi in dawo, akwai ramin da zai nuna nan da sati. Na fito ta ƙofa na tari ɗan acaɓa, ina lissafin kwana nawa zan yi ina shan gari kafin in sayi Kodak mai kala. Yadda na samo kuɗin, da abin da ya sa Abba ya ƙwace kyamarar har wata biyu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.