Daren da na bar kwalbar ƙuda ta kwana

Har yau idan na bi ta wajen masu tumatur a Kasuwar Dole na ga ƙananan ƙudajen nan suna shawagi a kan ruɓaɓɓe, sai daren wata Alhamis ta watan Fabrairu ya faɗo mini a rai, in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a ajin Tarminal D, ajin ƙarshe na sakandare na ɓangaren kimiyya, a nan Damagaram. Duk wanda ya zauna Bak, jarrabawar gama sakandare, ya san tambayar dorozofil, wato irin waɗannan ƙananan ƙudajen: ga mace mai jan ido, ga namiji mai farin ido, a zana allon haɗi, a fitar da kashi. Yaranmu suna haddace ta kamar karatun allo, amma ban taɓa samun ko ɗaya da ya ga farin idon da idonsa ba. Ni kaina ban taɓa gani ba sai bana, da wani abokina da ke karatu a waje ya dawo hutu ya riƙo mini ƙananan kwalabe biyu a aljihun riga, ɗaya ta masu jan ido, ɗaya ta farare. Da na ɗora na farko a ƙarƙashin gilashin ƙara girma na ga idon nan fari fat kamar an ɗiga madara, sai da na yi salati. Irin wannan namijin Thomas Hunt Morgan ya tsinta a ɗakin bincikensa na Jami'ar Kolombiya da ke Niyok a 1910, wanda ya zama hujjar farko mai ƙarfi cewa wata ƙwayar gado takamaimai tana zaune a kan wani kuromozom takamaimai, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, har aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933. Ga shi yau a kan teburina.

Abinci bai ba ni wahala ba: ayaba nunanniya, garin masara, ɗan sukari, yis na masu burodi, a toshe bakin kwalba da auduga. Sumar da su ma da ƙanƙara nake yi, in juya su da gashin zabo. Cikin sanyin Janairu suka yi ta hayayyafa.

Haɗin da na fi ɗoki shi ne na mace mai farin ido da namiji mai jan ido, don shi ne ke rikita yara a jarrabawa. Ƙwayar gadon farin ido tana kan kuromozom X. Ɗa namiji daga uwa kaɗai yake karɓar X, don haka duk maza za su fito farare kamar uwarsu. Ɗiya mace kuwa, ban da na uwa, tana karɓar na uba mai lafiya, wanda ke rinjaye, duk mata su fito da jan ido kamar ubansu. Ɗa ya bi uwa, ɗiya ta bi uba. Sharaɗi ɗaya ne tak: macen ta kasance budurwa. Macen dorozofil tana ajiye maniyyi a jikinta ta yi ta amfani da shi kwana da kwanaki, kuma idan namiji ya riga ya same ta, takan yi kwanaki tana korar duk wanda ya matso. A zafin digiri 25, awa 8 ne kawai kake da su daga fitowarta daga ɓawo kafin ta fara karɓar namiji.

Na san wannan. Na rubuta shi a allo da hannuna. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Ran Alhamis ɗin, bayan la'asar, na zazzage kwalbar farare tas, ban bar ko ɗaya mai fiffike ba, da niyyar in dawo bayan isha'i in kwashi waɗanda suka ƙyanƙyashe. Sai baƙi suka zo mana daga Mirya kan maganar auren ƙanwata. Hira ta yi tsawo, ga lakwal da nisa, ga kabu-kabu sun yi wuya a daren. Sai na tuna na karanta cewa a digiri 18 macen takan kai awa 16 tana budurwa, na ce ai hunturu bai gama tafiya ba, sanyin dare zai riƙe mini su. Ban tsaya na tuna cewa ɗakin da nake ajiye su na siminti ne mai rufin kwano, wanda ke shan rana wuni guda a rufe, ya kwana da ɗuminsa ba. Ma'aunin zafi ma ba ni da shi. Da ƙarfe 8 na safe na shiga, na tsinci mata goma, na zuba su da maza jajayen ido. Wasu daga cikinsu jikinsu ya riga ya yi duhu, ba su da hasken nan na sabuwar fitowa, ba su da ɗigon baƙin da ake hangowa ta cikinsu. Na gani, na kau da kai.

Bayan kwana 12 muka fara ƙirga da yara. Maza duk farare, yadda littafi ya ce. Da muka koma kan mata sai wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, “Malam, wannan mace ce, kuma idonta fari ne.” Na ce ta sake dubawa, wataƙila namiji ne. Ta ce babu baƙin ƙarshen ciki, babu ɗan matajin nan na ƙafar gaba. Na duba, gaskiyarta. Kafin a tashi mun tara mata farare sun fi 20 daga kwalba ɗaya.

Maimakon gabana ya faɗi, sai murna ta kama ni. Na tuna Calvin Bridges, ɗalibin Morgan, wanda ya riƙa samun mata masu idon uwarsu a irin wannan haɗin, ya gano cewa wani lokaci kuromozom X guda biyu na uwa suna ƙin rabuwa su shiga ƙwai ɗaya tare, ya buga aikin a 1916. Na tsaya gaban aji na ba su labarin nan da zumuɗi, na ce abin da Bridges ya gani a Amurka mu ma ga shi mun gani a Zinder. Yara suka yi tafi. Wasu har suka rubuta a littafinsu. Mako guda cur na bar su da wannan maganar.

Akwai wani dattijo da ya koyar da mu tun muna yara, yanzu ya yi ritaya, nakan je gaishe shi a Birni. Na kai masa takardar ƙirgen ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa a hankali, sannan ya ce, “Ɗana, ina maza masu jan ido?”

Na ce, “Baba, ai babu.”

Ya ce, “To idan X biyu suka tafi ƙwai ɗaya, ɗayan ƙwan da me ya tashi?”

Nan take jikina ya yi sanyi. Ƙwan da ya tashi ba X, idan ya haɗu da X na uba, namiji ne zai fito mai jan ido. A wajen Bridges abin biyu-biyu yake zuwa, mata masu idon uwa da maza masu idon uba, kuma da ƙyar ake samun ɗaya a cikin kusan 2000. Ni kuwa ga mata farare birjik, namiji ja ko na magani babu. Ba wani kuromozom da ya ƙi rabuwa. Ƴan'uwansu farare ne suka riga suka same su a daren nan da nake zaune kan tabarma ina maganar sadaki. Baba bai ƙara komai ba, sai tambaya ɗaya: “Awa nawa kwalbar ta yi?” Na ce 16. Ya cire tabarau ya miƙo mini takardata.

Ran Litinin na shiga aji na ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke abin da na faɗa. Na gaya musu yadda aka yi daga farko har ƙarshe, ban ɓoye zancen baƙi ba. Sun fahimci gado ta hanyar X a wannan awa ɗaya fiye da yadda suka fahimta wata guda, wannan ba na musu. Amma kada wani ya ce mini kuskuren alheri ne. Abin da ya ci mini ya fi haka.

Kafin in kai ga wannan, bari in faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, don shi ne ainihin abin da na so su gane. Jan idon dorozofil ba rini ɗaya ba ne, biyu ne a gauraye. Akwai mai launin ƙasa-ƙasa, omokurom, wanda jikin ƙudan ke haɗawa daga sinadarin tiriptofan. Akwai ja mai haske, na dangin teridin, wanda asalinsa guwanin ne. Idan sauyi ya kashe hanyar na ƙasa-ƙasa, ido ya fito ja zur kamar barkono, irin na ƙudajen da ake kira bermiyon da sinaba, waɗanda George Beadle da Boris Ephrussi suka yi aiki a kansu a Faris cikin shekarun 1930 suna dasa tsiron ido daga wannan tsutsa zuwa waccan. Idan hanyar jan ce ta mutu, ido ya koma launin ƙasa. Ƙwayar farin ido kuwa ba rini take haɗawa ba, ƴar dako ce. Ita ke shigar da kayan haɗin rinin biyu zuwa inda ake tara su a cikin ƙwayoyin ido, don haka idan ta lalace duka biyun ba sa isa. Shi ya sa ma za ka iya samun farin ido alhali ita lafiyarta ƙalau, idan aka haɗa sauyi biyu a ƙuda ɗaya, ɗaya ya tare wannan hanya, ɗaya ya tare waccan. Abin da ido ya nuna maka ba ya gaya maka wace ƙwaya ce ta lalace.

Don su gani, muka yanke kawunan ƙudaje muka murƙushe a kan takardar tacewa, ja a gefe, fari a gefe, muka tsoma gindin takardar a haɗin furofanol da amoniya a cikin duhu. Fitilar da ake gane jabun kuɗi da ita na aro wajen wani ɗan kasuwa. Da muka haska, sai layin masu jan ido ya fito da ɗigo-ɗigo suna ƙyalli a jere, ruwan lemo a ƙasa, shuɗi-shuɗi a sama, layin farare kuwa kusan wayam. Ajin ya yi tsit. Wani yaro da ba ya magana ya ce a hankali, “Ashe da gaske babu komai a ciki.”

Na sake haɗin a ƙarshen Fabrairu. Wannan karon sau uku nake zuwa a rana, da asuba, da azahar, da dare, har maigadi ya saba da ƙwanƙwasawata. Kowace mace na ware ta ita kaɗai a ƙaramar kwalba kwana 3 kafin in kai mata namiji. Budurwa ma takan yi ƙwai, amma ba ya ƙyanƙyashewa, in ka ga tsutsa ka san an riga ka. Da na yi wannan ɗan gwajin tun farko, da kwana 3 kawai zan yi asara, ko da kwalbar ta kwana. Zuriyar farko ta fito tsaf, mata jajaye, maza farare, ba ko ɗaya da ya kauce.

Sai dai Maris ya riga ya shigo. Mu a nan lokacin da ƙudan nan ke iya rayuwa a ɗaki ba na'urar sanyaya gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma na ƙone mako uku mafi kyau a cikinsa. Da zafi ya haura digiri 30, mazan dorozofil haihuwa take ɗauke musu, ga mu kuwa muna tunkarar 40. Na sa kwalaben a tukunyar ƙasa, na sa ta a cikin wata babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi. Ta taimaka, amma tana son ruwa safe da yamma, kuma wanda ya san Damagaram a bazara ya san abin da jarka ɗaya ke nufi wajen ƴan ga-ruwa. Wata Asabar rairayin ya bushe. Abinci ya narke ya yi tsami, manyan suka maƙale a ciki. Waɗanda suka rage sun yi ta zuba ƙwai, ƙwai ya ƙi fashewa. Zuriya ta biyu, inda za a ga farin ido a mata da maza rabi da rabi, wadda ita ce tambayar da ke faɗowa a Bak, yarana ba su gan ta ba. Kwalbar farare ta asali ma ta tafi. Namijin ƙarshe na same shi a manne da auduga.

Nakan zauna in yi lissafin: da na hau kabu-kabu a daren nan, ko da na roƙi baƙi minti 40, da zuriya ta biyu ta fito tun kafin zafi ya kankama. Wanda zai yi wannan aiki a ƙasarmu, ya fara haɗi tun makon farko na Disamba, ya raba kwalbar asali gida biyu ya ajiye a wuri daban-daban, kuma kada ya yarda fatarsa ta gaya masa zafin ɗaki. Idan sakamako ya zo masa da abin mamaki, kafin ya tuna sunan wani babban masani, ya fara tambayar kansa awa nawa kwalbar ta yi.

Abokina ya yi alkawarin zai sake riƙo mini farare idan ya zo a Nuwamba, na roƙe shi ya haɗo da masu idon ƙasa-ƙasa in ya samu. Na sayi ma'aunin zafi guda biyu. Na kuma je Mirya na sa wata maginiya ta gina mini randa biyu, ɗaya tana shiga cikin ɗaya da tazarar yatsu huɗu. Ɗalibar da ta fara ganin macen nan mai farin ido ta gama bana, amma ta ce in aika mata ranar da za a buɗe kwalbar zuriya ta biyu, za ta zo ta ƙirga.