"Ya yi kyau, Allah ya yi albarka": abin da na gani wajen koyar da tsara manhaja a Kano

Tun da aka ƙaddamar da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai horar da matasa kan fasahar zamani, a ƙarshen 2023, wanda ya sanya tsara manhaja cikin fannonin da ake koyarwa, matasan da ke neman wanda zai riƙe musu hannu a wannan sana'a suka yawaita a Kano, kuma ina cikin waɗanda ake turo wa irin waɗannan ɗalibai da yamma bayan an tashi daga aiki. Koyar da Figma, wato manhajar da ake zana fasalin manhajoji da ita, bai taɓa ba ni wahala ba. Haka ma ƙa'idojin da ake iya aunawa, irin su bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1, ko maɓalli kada ya gaza 48 dp (ma'aunin girma a allon waya) kamar yadda Google ta shimfiɗa wa Android; yaro mai himma yana haddace waɗannan cikin ɗan lokaci. Abin da ya ci mana watanni da kuɗi, wanda har yau yake sosa mini rai, shi ne gwajin da muka yi da mutane.

Wani rukunin ɗalibaina ya zaɓi tsara littafin bashi na waya domin 'yan Kantin Kwari, inda ake ɗaukar atamfa da shadda da leshi a kan amana, a biya bayan an sayar. Tunanin mai kyau ne, kuma sun bi matakan da na koya musu ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Na karanta musu hujjar Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ta shekarar 2000, cewa gwaji da mutum biyar yana fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, sai suka ɗauki samfurinsu suka shiga kasuwa. Suka dawo da murna: kowane Alhaji da suka nuna wa ya ce ya yi kyau, ya sa musu albarka, wani har ya saya musu lemo. A kan wannan shaida suka haɗa kuɗin aljihunsu suka biya mai rubuta manhaja, aka gina, aka sanya wa 'yan kasuwar a waya. Babu wanda ya ci gaba da amfani da ita.

Lissafin Nielsen yana nan daram, amma yana da sharaɗin da ba a cika faɗi ba, wato mutum biyar ɗin su nuna maka inda suka maƙale. Dabarar da aka saba koyarwa, ta a ce wa wanda ake gwajin da shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa a fili yayin da yake latsawa, an gina ta ne a kan mutumin da ba ya jin nauyin cewa "ban gane ba". Dattijon da ya haifi kamarka ba zai faɗa wa ɗan shekara ashirin haka a gaban yaran shagonsa ba. Kuma ba zai kushe aikin da ka ce kai ka yi da hannunka ba, domin kara ba ta bari. Ɗaliban su ma nasu ladabin ya shiga tsakani: da zarar yatsan Alhaji ya tsaya, sai yaro ya yi wuf ya ce, "Baba, nan za ka taɓa," saboda a tarbiyyarsa barin babba yana lalube rashin kunya ne. Ta haka kowane gwaji ya ƙare lafiya lau, kuma ba mu koyi komai ba.

Gaskiyar ta fito ne a hannun wata ɗaliba mai ƙarancin magana, wadda ta koma shagon wani kawunta ta zauna a gefe ba tare da ta tambayi komai ba. Ta lura cewa duk lokacin da manhajar ke buɗe kuma wani ya matso, sai kawun ya kife wayar a kan tebur. Shafin farko, wanda dukanmu muka yaba saboda tsabtarsa, yana jera sunayen masu bashi da adadin da ake bin kowa da manyan haruffa. A shagon da waya ke yawo daga hannun maigida zuwa na yaro, a miƙa wa abokin ciniki ya duba hoton kaya ko ya tabbatar taransifa ta shiga, wannan shafi tona asirin mutane ne, kuma ɗan kasuwar da aka san yana tona asirin abokan hulɗarsa ya yi asarar da ta fi bashin. Ta kuma gano cewa ba Alhajin ke rubuta bashi ba tun farko; yaron shago ne ke riƙe da littafin, shi kuwa ba wanda ya gwada manhajar da shi, saboda ɗaliban sun ga bai dace su wuce babba su nufi yaro ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na waiwaya na ga irin wannan amsa nake samu a ajina. Idan na gama bayani na ce akwai tambaya, sai a ce, "Mun gane, Malam." Idan na sa su duba aikin juna, sai kowa ya yabi launi ya yi shiru, don kada a ce ya ci fuskar abokinsa. Mai koyarwa da ke auna kansa da irin wannan yabo yana cikin halin da ɗalibaina suka shiga a kasuwa.

Yanzu ba na barin kowa ya gwada abin da ya zana. Rukunoni suna musayar aiki, ta yadda ɗalibi zai iya cewa da gaskiyarsa, "Alhaji, ba ni na yi ba, an ba ni ne in gano aibinsa," kuma wannan jimla ɗaya ta buɗe bakin mutane fiye da duk wata dabara da na karanta. Na hana tambayar "ya ka gan shi?" gaba ɗaya, ana ba mutum aiki ne, misali ya shigar da bashin turmi uku na wani, sannan a rubuta abin da ya yi, ba abin da ya ce ba. Ɗalibin da ke gudanar da gwajin yana riƙe biro da takarda da hannu biyu, domin na lura hannun da ba ya riƙe da komai shi ke kai wa allon waya ɗauki. Idan masu amfanin matan aure ne a cikin gida, ɗalibai mata ke shiga, kuma rahotanninsu sukan fi na mazan ƙunshe da abin amfani.

Wasu daga cikin wancan rukuni sun karaya sun bar sana'ar bayan kuɗinsu ya tafi, kuma na yi ta kiransu ba su dawo ba. Waɗanda suka rage sun sake zana shafin farko: babu suna, babu adadi, sai an sa lambar sirri, kuma a wannan karo da yaran shago suka fara gwajin.