Mai gadin da na manta ban tsare ba

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta, bari in ba ku labarin wautata.

A wani ofis da na yi aiki a Gombe, ni na girka manhajar Cacti don ta riƙa sa ido kan rautoci (na'urorin rarraba intanet) da uwar garkenmu, ta nuna mana inda intanet ke tafiyar hawainiya. Ta yi aiki har na manta da ita. Da oga ya ce yana son ganin jadawalin ba tare da wahalar kalmar sirri ba, sai na kunna masa shigar baƙo. Na kuma buɗe shafin ga intanet, wai don in riƙa leƙawa a waya daga gida a Pantami. Lalaci ne kawai, ni kuwa na ɗauka dabara ce.

A 2023 aka gano ɓaraka a Cacti, a shafin nuna jadawali: wanda ya shiga a matsayin baƙo zai iya rubuta umarnin SQL, wato yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, a gurbin da ake tsammanin kalmar bincike, rumbun bayanai kuma ya karɓa ya aiwatar, don manhajar ba ta bambance saƙon mutum da umarni ba. An toshe ta a sigar 1.2.25. Na ga sanarwar, na ce sai na samu lokaci.

Watanni suka wuce kafin in ga wani asusun shugaba da ba ni na ƙirƙira ba. Gabana ya faɗi. Sai a ranar na tuna abin da ke cikin rumbun nan: adireshin kowace na'ura, da kalmomin sirrin SNMP, wato hanyar da Cacti ke bi ta tambayi na'urorin halin da suke ciki, ga shi asusun da na haɗa manhajar da shi yana da iko a kan komai. Mai gadi ne riƙe da makullan gida duka, na ajiye shi bakin titi. Kwana uku muka yi muna sauya kalmomin sirri.

Kada ku ce matsalar Cacti ce kaɗai. Zabbix ma, wata manhajar sa ido, an samu irinta a 2024. Ku ɓoye shafin sa ido bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga da sai mai izini ke bi, ku kashe shigar baƙo ko oga zai ɓata rai, asusun rumbu kuma a ba shi iya abin da aikinsa ke buƙata. In kuna rubuta manhaja da kanku, kada ku manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL. Ku shirya umarnin da gurabe, bayanin ya shiga daban. Ni yanzu duk safiyar Litinin, kafin in sha shayi, sai na duba ko an fitar da sabuwar siga.