Ƙaramin jirgin da ya tsayar da ni a Landan

Jiya na shiga Science Museum, gidan kayan tarihin kimiyya da ke Landan, wallahi wani ɗan koren jirgi ne ya hana ni gaba. Fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, gangar jikinsa katako, fukafukan an lulluɓe su da yadi. An rubuta G-AAAH a gefensa.

Gipsy Moth ne, ƙirar kamfanin de Havilland na Ingila. Moth na farko ya tashi a 1925, an yi shi ne don ƙungiyoyin koyon tuƙi da masu shawagin nishaɗi. Kujeru biyu gaba da baya, ba rufi, iska na dukan fuska. Fukafukan ma naɗe su ake yi, a ja shi da mota a kai gareji. Ƙanensa Tiger Moth, na 1931, shi ya horar da dubban matuƙan sojan saman Birtaniya.

Amma wannan ɗin da na gani da idona, da shi Amy Johnson, matuƙiyar jirgi ƴar Ingila, ta bar filin jirgin Croydon a kudancin Landan ranar 5 ga Mayu 1930, ita kaɗai, ta sauka Darwin a Ostareliya ranar 24. Na daɗe tsaye ina kallon ƴar kujerarta, jikina ya yi sanyi.