Yadda muka yi wa zomayenmu rigakafi a Manchester

Zomo ba ya nuna ciwo. Dabba ce da kowa ke farauta a daji, shaho daga sama, dila daga ƙasa, saboda haka Allah ya yi shi da ɓoye rauninsa har sai abin ya ci ƙarfinsa. Kafin mai shi ya ankara, sau da yawa lokacin magani ya wuce. Wannan halin nasa ne ya sa na riƙe allurar rigakafi hannu bibbiyu tun da 'yata ta matsa muka karɓo zomaye biyu a nan Manchester, muka yi musu keji a bayan gidanmu.

A Zariya inda na taso, zomo na kiwo ne, a ba shi dusa da ganyen dankali, ya hayayyafa, a sayar ko a yanka. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki zomo ya kai asibiti ba. A nan kuwa, ranar da muka je ɗauko su, matar da ke kula da dabbobin ta ce kada mu bar su su taka ciyawar lambu sai likitan dabbobi ya yi musu allura.

Cututtuka biyu ake gudu, kuma babu wadda take da magani idan ta kama. Ta farko sunanta mikzomatosis. Sauro da ƙuma ke yaɗa ta daga zomon daji zuwa na gida. Idanu su kumbura har su rufe, fuska da gindin kunne su tashi, zomo ya kasa gani ya kasa ci, ya yi kwanaki yana wahala kafin ya mutu. Da gangan aka saki ƙwayar cutar a Ostareliya a 1950 don rage zomayen da suka addabi manoma, aka sake ta a Faransa a 1952, ta tsallako Ingila a 1953 ta kusa ƙarar da zomayen dajin ƙasar. Tsofaffi a ƙauyukan nan har yau suna ba da labarin yadda suka riƙa ganin makafin zomaye a bakin hanya.

Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro, cutar zubar jini da ake kira RHD. An fara ganinta a Sin a 1984. Hanta take kamawa, ta hargitsa jini, kuma tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka bar zomo da dare yana tauna, da safe ka tarar da gawa, wani lokaci da ɗan jini a hanci, wani lokaci ba alamar komai. Tsohon nau'in yakan ƙyale 'yan ƙananan da ba su wuce 'yan makonni ba, amma sabon da ya ɓulla a Faransa a 2010, RHDV2, har su yake kwashewa. Ƙwayar tana yin watanni a waje ba ta mutu ba. Tana bin takalmi, tufafi, busasshiyar ciyawar da aka sayo, ƙafar ƙuda. Wata maƙwabciyata da zomonta bai taɓa fita daga falo ba ta ce min ita ba ta ga amfanin allura ba. Na tambaye ta ko takalmin mijinta ma ba ya fita. Raina ya sosu ƙwarai da maganarta, domin na san irin son da take yi wa dabbar nan. Mutum dai ba ya kamuwa da ko ɗaya daga cikin cututtukan, gwamma a faɗi wannan don hankalin masu yara ya kwanta.

Ranar allura mun shimfiɗa tawul a akwatin ɗaukar su, muka cusa ciyawa, muka sa su tare saboda raba su yana firgita su. Ba a hana zomo abinci kafin a kai shi asibiti. Hanjinsa yana bukatar aiki dare da rana, in ya tsaya wata babbar matsala ce. Likitar ta ɗora kowanne a sikeli, ta leƙa haƙora da kunnuwa, ta saurari ƙirji da ciki, domin zomo mai lafiya kaɗai ake yi wa rigakafi. 'Yata ta riƙe gefen mayafina ta ce, “Umma, zai ji zafi?” Kafin in amsa likitar ta kama fatar ƙeyarsa ta ɗaga, ta soka allurar a ƙarƙashi, rabin mililita kacal. Ko motsi bai yi ba, hancinsa ne kawai ke ta rawa.

Nobivac Myxo-RHD PLUS aka yi musu, allura ɗaya mai kare mikzomatosis da nau'i biyu na RHD. Ana iya yin ta daga mako biyar da haihuwa, tana ɗaukar mako uku kafin garkuwa ta kafu, kuma shekara guda take yi. Makonni ukun nan a cikin gida suka yi su, tagogi da raga. Macen ta sami ɗan ƙulli a inda aka soka, bai daɗe ba ya baje. Abin da na lura mutane sun fi sakaci da shi shi ne maimaitawa. An yi sau ɗaya, an ajiye kati a durowa, shi ke nan. Ni na rubuta watan a kalandar kicin, kuma ina ware kuɗin tun kafin lokaci, domin ba arha ba ce. Wanda kuma ya karɓi zomon da ya taɓa samun wata allura a baya, ya kai wa likita tsohon katin, saboda a irin wannan yanayi akan bukaci ƙarin allurar RHDV2 ta daban.

Allura ba ta ɗauke wa mutum tsafta. Na ware silifas ɗaya na shiga wajensu. Ba na tsinko musu ganye a filin da zomayen daji ke kiwo, komai kyansa.

Da na ba Yaya labari a waya, sai na ji muryarsa ta canja. Yana kiwon zomaye a Zariya, kuma ya tuna 2020, shekarar da aka tabbatar da RHD a Najeriya, a jihohi irin su Kwara da Oyo, masu kiwo suka yi asara mai yawa. Ya ce ya zaga shagunan maganin dabbobi bai sami allurar ba. Na ce, “Yaya, don Allah kada ka sayi wadda ba a ajiye a firji ba, zafi na lalata ta. Ka bi ta hannun likitan dabbobi.” Kafin a samu, ya daina barin masu saye shiga ɗakin kiwon. Duk zomon da ya sayo a kasuwa yana keɓe shi nesa da saura na wasu makonni, yana wanke kejuna da bilic, kuma mun yi da shi cewa in ɗaya ya faɗi ba dalili, ba za a jefar da gawar a bola ba. Zai kira likita tukuna, a ɗauki hanta a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a bincika, sauran kuma a binne da zurfi.