Daƙiƙa biyar da na yi shiru a filin golf

Wata uku aka dakatar da ni daga shiga filin golf na kulob ɗinmu a nan Legas, kuma har yau idan na tuna dalilin sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban yi magudi a lissafin bugu ba, ban zagi kowa ba, kuɗin shekara ma na biya shi tun a watan Janairu. Kalma guda ce, mai gaɓa ɗaya tak, ta maƙale mini a maƙogwaro a daidai lokacin da ya wajaba in furta ta.

Sana'ata fiton kaya ce a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma ubangidana da ya koya mini aikin, wanda duk muke kira Alhaji Babba, shi ne ya ja ni zuwa wannan wasa bayan likita ya ce in riƙa tafiyar ƙasa saboda hawan jini. A irin waɗannan tsofaffin kulob na Legas, waɗanda wasu tun zamanin Turawa suke, kamar na Ikoyi da ke ɗauke da shekarar 1938 a cikin sunansa, kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. Sai wani mamba ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, sannan kwamiti ya zauna da kai ya dubi kamalarka. Alhaji ne ya sa hannu a takardata. A lokacin na ɗauki wannan sa hannu a matsayin cika ƙa'ida kawai, irin wanda muke yi sau goma a rana a bakin aiki.

Ladubban da ido ke gani ban sha wahalar koyonsu ba. Riga mai kwala a cusa cikin wando, ban da jins, hular wasa a cire ta idan an shiga zauren kulob, waya a rufe mata baki. Idan ƙwallonka ta faɗa ramin yashi ka buga ka fito, sai ka ɗauki manjagara ka share sawunka. Idan ta faɗo a kan girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ta yi ɗan gurbi, sai ka gyara shi kafin ka wuce, kuma ba ka taka layin da ƙwallon abokin wasanka za ta bi, ba ka bari inuwarka ta faɗa a kai. Fiye da komai kuma, shiru: mutum na shirin bugu, ba magana, ba motsi, ko kaɗa makullin mota a aljihu ba a yi. Wannan ya yi daidai da tarbiyyata, har Alhaji yakan yi alfahari da ni a gaban abokansa, yana cewa yaronsa ya fi wasu da suka shekara goma a kulob natsuwa. Ashe a nan gizo ke saƙar.

Ranar Asabar ce cikin damina, an kwana ana ruwa, ciyawa ta yi tsawo a gefen fili. Mutum huɗu ne a gabanmu, dukansu dattawa, kuma tun daga rami na tara muke tsayuwa muna jiransu a kowane bugu. A rami na 14 ɗayansu ya jefa ƙwallonsa cikin duhuwar ciyawa, suka duƙufa nema su da masu ɗaukar musu jaka, waɗanda ake kira kadi. Tun shekarar 2019 dokar wasa ta rage lokacin neman ƙwallo daga minti biyar zuwa minti uku, ni kuwa ina duban agogo, sai da suka haura minti bakwai. Ladabi ya ce su ɗaga mana hannu mu wuce, ba su ɗaga ba. Ga shi ina da ɗaurin aure a Agege bayan azahar, kuma wanda ya san gosulon Legas ranar Asabar ya san abin da ke cin raina.

Da suka haƙura suka fara takawa gaba, sai na kafa ƙwallo. Kadina, wani yaro mai hankali da ya fi ni sanin filin nesa ba kusa ba, ya matso ya ce da ni a hankali, "Yallaɓai, a ɗan dakata, ba su fita ba tukuna." Na ce masa bugun nawa bai taɓa kai yadi 200 ba, su kuwa sun wuce nan. A raina kuma, tunda yau gaskiya na zo faɗa, ina so ƙwallon ta faɗi a bayansu su ji ƙararta, kamar yadda muke danna wa na gaba hon a kan titi idan danja ta ba da hannu bai motsa ba. Halin tuƙin Legas ne na ɗauko na kawo cikin fili.

Ban taɓa yin bugu mai kyau irin na ranar ba, kafin nan da bayan nan. Ƙwallon ta tashi tsaf, ta miƙe, ta nufi tsakiyarsu. Ƙwallon golf nauyinta bai kai giram 46 ba, amma tauri gare ta kamar tsakuwa, kuma bugu mai kyau na sa ta bar sanda da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a. Takan yi kimanin daƙiƙa biyar ko shida a sama, kuma wannan lokaci ya ishi mutum ya ƙwalla kiran gargaɗin da kowane ɗan golf a duniya ya sani, wato "Fo!", domin na gaba su sunkuya su kare kawunansu. Na ga inda ta nufa tun a daƙiƙa ta biyu. Bakina bai buɗe ba. Kadina ne ya yi ihun, amma ya makara, domin ya tsaya jiran ubangidansa ya yi, kamar yadda ya kamata. Ƙwallon ta sami ɗaya daga cikin kadinsu a kafaɗa, ya saki jaka ya durƙushe.

Kuskure na biyu a can na yi shi, da na isa wurin ina haki. Yaron Bahaushe ne, daga wajen Katsina, yana riƙe da kafaɗa yana cije leɓe, yana kuma ce mini, "Ba komai, Alhaji, tsautsayi ne." Ni kuwa hannuna ya riga tunanina zuwa aljihu, na zaro kuɗi zan danƙa masa, domin haka muka saba kashe magana idan mota ta gogi mota. Mai jakar, wani dattijo Bayarabe wanda ashe a Sabon Garin Kano ya tashi, ya dube ni ya yi magana da Hausar da ta fi ta wasunmu tsabta.

"Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ga inda ƙwallon ta nufa?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya ce, "To, me ya hana ka magana?"

Wannan tambaya na kwana da ita fiye da yadda na kwana da takardar dakatarwa. Amsar da na fi so in bayar ita ce kunya. An rene mu a kan cewa babban mutum ba ya ɗaga murya a bainar jama'a, kuma magidanci mai furfura ya wage baki yana ihu a fili kamar ɗan kamasho a tasha abu ne da jikina bai taɓa karɓa ba. A wata takwas da na yi ina wasa, ko sau ɗaya ban taɓa furta kalmar ba, kullum kadi ke yi mini. Wannan gaskiya ce, amma rabinta ce. Ɗaya rabin shi ne, da na yi ihu, na tona wa kaina asiri cewa na buga alhali suna cikin zangon bugu, shi ya sa na zaɓi in yi fatan ƙwallon ta kuskure su, maganar ta mutu ba wanda ya sani. Wato na auna mutuncina da kan wani bawan Allah, na ga mutuncina ya fi nauyi. Da taƙi ɗaya ta ƙara sama, da a kunnensa ko a idonsa za ta sauka.

A gaban kwamitin ladabtarwa na yi ƙoƙarin jingina laifin ga jinkirinsu. Kyaftin, wato shugaban 'yan golf na kulob, ya saurare ni har na gama, ya yarda cewa jan ƙafa a fili laifi ne, ya ma tuna wa kowa cewa dokokin da hukumar golf ta R&A da ke garin Sent Andurus a Sukotland da takwararta ta Amurka suke fitarwa sun ba da shawarar kada bugu ɗaya ya ci wa mutum fiye da daƙiƙa 40. Sai dai ya ce maganin jinkiri shi ne ka ƙarasa ka nemi izinin wucewa cikin ladabi, ko ka sanar da jami'in da ke zagaya fili, ƙwallo kuwa ba 'yar aike ba ce. Ya ƙara da cewa ƙwallo na samun mutane a kowane fili, kuma da na yi kiran gargaɗi, da ban haƙuri da kuɗin asibiti sun wadatar. Shirun ne ya kawo wata uku. Ba zan ɓoye ba, har yanzu yana ɗan sosa mini rai cewa dattawan nan huɗu tunatarwa ta baki kawai aka yi musu, kuma ina da yaƙinin da sabbin mambobi ne suka riƙe fili haka, da sun ga takarda. Amma wannan ƙorafi ne daban, ba ya kuma rage ko ƙwayar zarra daga abin da na aikata.

Abin da ban zata ba shi ne an kira Alhaji Babba ya zauna a wajen zaman, a matsayinsa na wanda ya gabatar da ni. Bai ce uffan ba sai da muka shiga mota, direba ya tayar, sannan ya ce, "Ka san sunana ne a kan takardarka ko?" Na ce, "Na sani, Alhaji, a gafarce ni." Bai ƙara ba. Shekara fiye da ashirin yana kulob ɗin nan ba a taɓa kiran sunansa a gaban kwamiti ba sai ta dalilina, kuma akwai wani ɗan'uwanmu da yake shirin gabatarwa a shekarar, ya ɗage maganar.

Hoton asibiti ya nuna ƙashi bai karye ba, alhamdu lillahi, amma yaron ya yi mako uku bai ɗauki jaka ba. Kadi ba shi da albashi, abin da ya samu a zagayen ranar shi ne cefanen gidansa. Kuɗin da aka hana ni miƙawa a fili, shi na biya daga baya ta hannun shugaban kadi, tare da na kwanakin da ya rasa, sannan na tafi har ɗakinsa a Idi-Araba na duba shi. A fili kuɗin toshiyar baki ne, a ɗakinsa kuwa hakki ne, kuma sai da na zauna a kan tabarmarsa na fahimci bambancin da dattijon nan ya gani nan take.

Saboda haka idan sabon mamba ya tambaye ni ladubban kulob, ba na ɓata lokaci a kan kwala da takalmi, sakatare zai ba shi wannan a rubuce. Ina ce masa kada ya taɓa bugawa sai na gaba sun fita daga inda bugunsa mafi kyau zai iya kaiwa, ba bugunsa na kullum ba, domin ba ka san ranar da hannunka zai yi daidai ba. Idan kadi ya ce a dakata, a dakata. Ya ga bugu dubu kafin naka. Idan kana shakkar ƙwallonka ta ɓata, faɗa wa abokan wasa ka buga wata ƙwallon ta wucin gadi tun daga nan, don kada ka dawo baya ka tsayar da jama'a, idan kuma nema ya kama ka, ɗaga wa na baya hannu tun kafin minti ukun su cika. Mu da la'asar kan riske mu a tsakiyar fili, haka muke yi: mu koma gefe, mu ba na baya hanya, mu yi sallarmu a natse. Sannan in sa shi ya furta kalmar nan da ƙarfi a gabana, a wurin atisaye, sau uku, har sai kunyar ta fita. Wasu dariya suke yi mini. Wasan nan ba shi da alƙali mai usur da ke bin mutum, kai ke ƙirga bugunka, kai ke kai ƙarar kanka, kuma ihun gargaɗi ma kai ƙarar kai ne, sai dai shi a gaban kowa ake yin sa.

Ranar da na dawo bayan wata ukun, a rami na uku ƙwallona ta karkace ta yi dama, ta nufi wani wuri da babu kowa sai wani ma'aikaci can nesa yana yankan ciyawa, wanda ko bugu biyu na haɗa ba zan kai gare shi ba. Na buɗe maƙogwaro na ƙwalla "Fo!" har balbelun da ke kiwo a bakin tafki suka tashi gaba ɗaya, mutane a ramuka uku suka sunkuya suna dafe kai. Dattijon nan yana tsaye a rami na kusa, ya ɗago a hankali, ya gyara hularsa, ya ce, "Mun ji, Alhaji. Har mutanen Agege sun ji."